Ragowar Kafson Martha

Malam Filibus da bakinsa yake faɗa, ko ba a tambaye shi ba, cewa shi mutum ne da Allah bai koya wa harshensa cewa a'a ba. Yana faɗa yana dariya, kamar mai nuna wa abokai giɓin haƙorinsa. Hular da ke kansa ma shaida ce, ta yi masa kaɗan, tana zaune a tsakar ka kamar murfin tulu, amma ya saye ta ne don mai hular ya kira shi ɗan gari. Ya baro duwatsun Filato tun yana saurayi ya zo Sakkwato koyarwa, a nan ya yi aure, a nan furfura ta same shi, amma har gobe in ya buɗe baki a kasuwa sai an tambaye shi yaushe ya sauka, ya kuma ya baro mutanen gida.

A firamare yake koyarwa, cikin darussansa har da kiwon lafiya. Shi ne mai zana ƙuda a allo, da ƙafafu shida da gashi-gashi, ya ce wa yara ga babban maƙiyinsu.

Abin ya faru ne shekarar da aka yi ruwan kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, wadda kuma soja suka sauke soja a rediyo ana tsakiyar damina. Kowa ya sayi wani abu a shekarar. Filibus ya sayi babur, ya koyi tuƙi da taimakon katangu biyu da wata akuya. Aljihu ya cika, kanti ya zama fayau, don an ce jiragen ruwa sun yi layi a Ikko, na siminti sun tare hanya, duk wani abu da ɗan Adam ke bukata yana bayan siminti yana jira.

Cikin wannan arziki ne matarsa Martha ta kwanta. Mace ce mai ɗinki, wadda ba a taɓa ganin keken ɗinkinta a rufe ba sai ranar Lahadi. Da zazzaɓi abin ya fara, sai tari, sai ta ce in ta ja numfashi kamar ana soka mata tsinke a haƙarƙari. Da kakin ya fara fitowa da launin tsatsa, Filibus ya ɗauke ta sai asibiti. Likitan, wani Ba'indiye mai gajeren haƙuri, ya ɗora abin awo a bayanta, ya saurara, ya ce ciwon huhu ne, nimoniya, ƙwayoyin cuta sun kama gefe ɗaya.

A tagar karɓar magani akwai wani Siddiƙu, mutum mai maganar da ba ta da kwana. Sai da ya tambaya ko Martha ta taɓa shan wani magani jikinta ya yi ƙuraje ko fuska ta kumbura, aka ce masa a'a, sannan ya zuba kafso baƙi da ja cikin ambulan ya rubuta sunanta. Ya ce ɗaya-ɗaya sau huɗu a rana, kan lokaci, ba tsallake. Ya ce za ta ji sauƙi tun maganin bai yi rabi ba, kuma a nan ne mutane ke cutar kansu, don ciwon kamar ciyawar ƙiri-ƙiri yake a gona, in ka yanke ganye ka bar saiwa ka yi wa kanka aiki ne. Ya ƙara da cewa sun taki sa'a, wannan kwalin ne na ƙarshe a sito.

"Ko ta tashi ta yi rawa, ta shanye," in ji shi. "Kuma nata ne ita kaɗai. Kada a sam ma kowa."

Filibus ya gyaɗa kai irin na abokin sana'a. Har ya ce wa Siddiƙu ai shi ma abin da yake koya wa yara ke nan.

Gidan da suke haya a bayan Ƙofar Atiku na Alhaji Dodo ne, dillalin fatu, wanda nasa gidan ke manne da nasu. Tun ranar da Martha ta kwanta, kwano ya fara zuwa daga gidan Dodo. Inna Dije ce ke kawowa, yayar Alhajin, tsohuwar da ta binne maza biyu ta dawo gidan ƙaninta tana mulki. Yau kunun tsamiya, gobe fura mai kauri, jibi farfesun kan akuya wanda aka rage wa yaji don mai jinya.

To a unguwar, kwano ba ya komawa fayau. Ba a rubuce yake ko'ina ba, amma ya fi dokar soja ƙarfi. Martha ta san wannan tun tana amarya, kuma da shi ta sayi mutuncinsu a layin: in an kawo mata tuwo ta mayar da gwaten acca, in an kawo naman layya ta rama da shinkafar Kirsimeti har da cinyar kaza. Yanzu da ta kwanta, nauyin ya faɗo kan Filibus, wanda iyakar girkinsa tafasa ruwan shayi. Ranar farko ya sa ƙwayoyin sukari. Rana ta biyu ya sa sabulu. Daga nan ashana, daga nan gwangwanin kifin da suke ɓoyo don baƙi. Da ya leƙa kanti ya tarar babu abin saye sai man goge takalmi, ya tsaya yana tunanin ko tsohuwa za ta ɗauki alli a matsayin kyauta.

Maganin kuwa ya yi abin da Siddiƙu ya ce. Zazzaɓin ya sauka, tarin ya yi laushi, Martha ta tashi zaune ta fara yi masa faɗa kan yadda ya bar tukwane, abin da ya tabbatar masa lafiya ta samu. Ta dai ce kafson yana tayar mata da zuciya, yana kuma ɗan sa ta zawo, amma tana runtse ido ta haɗiye.

Wata hantsi Inna Dije ta shigo da kwanon fura, ta tarar da Martha zaune a tsakar gida tana tsefe kai. Tsohuwa ta riƙe baki, ta yi salati, ta ce wannan ai tashin matattu ne. Ta zauna, hira ta yi hira, har ta gangaro kan ƙafar Alhaji. Gyambo ne a ƙwaurinsa, ya fara daga ɗan ƙwarzane da ya samu a majema, yanzu ya buɗe baki yana ruwa, gefensa ya yi ja ya yi zafi, har ya fara wari. Wanzami ya yi nasa, an shafa abin da za a shafa, shiru. Tana wannan bayani idonta na kan ambulan ɗin da ke bisa keken ɗinki.

"Wanga magani kam na ƙwarai na," ta ce. "Ku masu boko Allah ya hore muku. Mu sai kallo."

Ba ta roƙa ba. Wannan Filibus ya sha maimaita wa kansa daga baya, bai kuwa taɓa samun sauƙi daga maimaitawar ba. Ta yi sallama ta fita, ta bar kwano a ƙasa, an juye furar, an ɗauraye, yana kallon sama yana jira.

Filibus ya ɗauki ambulan ɗin ya girgiza. Da sauran kusan rabi. Ya dubi matarsa, ga ta nan garau, har da kitso za a yi. Ya tuna an ce irin wannan magani yana kashe cutar fata kamar yadda yake kashe ta huhu. Ya kuma tuna shekarun da ya yi yana karɓa daga gidan Dodo, da yadda sukari da sabulu ba su taɓa kai nauyin farfesu ba. Yau ga abu a hannunsa wanda kuɗin Alhaji ba za su saya ba ko ya zagaye kasuwa.

"Malam, ba cewa aka yi a shanye ba?" in ji Martha.

Ya ce mata ai wannan magana ce ta masu ciwo, ita kuwa ta warke.

"To. Kai ne malami," ta ce, ta ci gaba da tsifarta.

Ya sa ambulan ɗin cikin kwanon, da kansa ya kai shi har zauren Dodo. Dodo na kishingiɗe kan buzu, ƙafar na miƙe a kan matashi, an rufe ta da ƙyalle don ƙuda. Ya buɗe kwanon, ya ga abin da ke ciki, sannan ya karɓa da hannu biyu. Ya ce lallai maƙwabci ya fi ɗan'uwa na nesa. Ya ce Malam Hilibus kam ya tashi daga baƙo, ya zama ɗan gida. Filibus ya gyara murya ya yi masa bayani irin na aji, ɗaya-ɗaya sau huɗu a rana, kan lokaci, kuma kada a bari sai sun ƙare. Wannan na ƙarshen har da ɗaga yatsa ya faɗe shi. Ya dawo gida yana jin ya ƙara tsawo.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa daɗi, kuma su ne daga baya ya fi ƙin tunawa. Martha ta buɗe keke, ta je coci ranar Lahadi, mata suka yi ta yi mata barka. Kullum safe in ya turo babur waje, Dodo zai ɗago hannu daga zaure ya ce ana samun sauƙi, albarkacin maganin Malam.

Sai tarin ya dawo. Da farko Martha ta ce ƙurar yadi ce. Washegari ta bar ɗinki a rabi ta kwanta, jiki kamar garwashi, tsinken nan ya koma haƙarƙari, wannan karon ta gefe biyu. Filibus bai bukaci kowa ya fassara masa ba. Saiwar ce ta tsiro.

Abin yi a bayyane yake, a mayar da ita asibiti. Amma a asibiti akwai taga, a bayan tagar akwai Siddiƙu, kuma Siddiƙu zai yi tambaya. Filibus ya hango kansa tsaye a layi, gaban masu gadi da matan ƙauye, yana bayanin yadda malamin kiwon lafiya ya zuba maganin matarsa a kwanon fura. Ya ce wa kansa bari a ga gobe.

Ya dai gwada zuwa zauren Dodo, da niyyar ya tambaya ko da ragowa. Ya zauna aka yi gaisuwa, ta gida, ta aiki, ta ruwa, ta gajiya. Dodo ya tambayi jikin maiɗaki, bakin Filibus ya amsa da kansa cewa da sauƙi, don ba a taɓa jin wanda ya amsa wannan tambaya da wani abu daban ba. Shi ma ya tambayi ƙafa, Dodo ya ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe shi. Filibus ya lissafa a ransa cewa in haka ne to sun ƙare ko sun kusa. Ko da ba su ƙare ba, da wane baki mutum zai yi amai ya lashe a zauren da aka kira shi ɗan gida? Ya yi godiya, bai san ta mene ne ba, ya tashi.

Daga nan tasha ya nufa. Akwai masu tallar magani a faranti, suna yawo tsakanin motoci, kafso kala-kala a baje cikin rana kamar alewa. Ya sami baƙi da ja. Mai tallar ya rantse irin na asibiti ne sak, har ya fi, don yana maganin ciwon baya da rashin kuzari. Wasu sun narke sun manne da juna, sai da aka ɓamɓare. Filibus ya ga haka, ya kuma saya. Ya kai gida ya ba Martha kan lokaci, ba tsallake, da tsananin kiyayewar da ta zo a makare. Ko me ke cikinsu, ciwon bai san sun shiga ba.

Ranar da leɓɓanta suka yi duhu, numfashi ya koma sama-sama kamar na kaza a rana, Inna Dije ce ta shigo da kwano ta gani, ta ajiye shi ta fita da sauri irin wanda ba a san tana da shi ba. A motar ɗaukar fatun Dodo aka kai Martha asibiti.

Likitan ya saurari ƙirjin ya ɓata fuska. Ya sa aka kira Siddiƙu ya yi tafinta, don Turancin Filibus ya gudu ya bar shi. Siddiƙu ya dube shi, ya gane shi, ya yi tambayar.

"Malam, ta shanye maganin nan duka?"

Filibus ya ce e.

Ya ji kalmar ta fita kamar wani ne ya faɗa. Likita ya girgiza kai ya ce to in ta shanye ciwon ya dawo haka, ƙwayoyin sun fi ƙarfin wannan dangin magani ke nan. Allurar da suke da ita a sito 'yar'uwar kafson ce, ba amfanin ɓata lokaci a kanta. Ya rubuta sunan wata dabam, ya ce a nemo a gari, da gaggawa.

Babur ɗin Udoji ya yi aiki ranar. Filibus ya bi kemis-kemis daga Ƙofar Atiku zuwa Ƙofar Taramniya, ya fita har Gidan Igwai, kuɗi a aljihu kamar ya yi dillancin shanu. Ko'ina amsa ɗaya, sai jirgi ya sauke. Wani ya ce a gwada Gusau. Wani ya ce yana da mai kama da ita. Yana tuƙi yana sane cewa allurar da wataƙila za ta yi aiki tana can cikin sito, taku kaɗan daga gadon Martha, kuma abin da ya kulle ƙofar siton kalma ɗaya ce da shi ya faɗa. Duk da haka sai da ya ƙara zagaye ɗaya, yana fatan ya samo allurar likita ya huta da bayani.

Sai da gari ya waye ya je tagar. Ya jira layi ya ragu, ya sunkuya ya faɗa wa Siddiƙu komai, har da kwanon, har da na tasha. Ya shirya wa zagi, ya ma so a zage shi. Siddiƙu ya miƙe tsaye. Ya rufe tagar, mutane na ƙorafi, ya wuce ɗakin likita da sauri. Kafin hantsi an fara yi wa Martha allurar da aka ajiye gefe jiya, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Likitan bai ko dubi inda Filibus yake ba, ya dai ce wa nas da an faɗi gaskiya tun jiya, da kuma an kawo ta tun da tarin ya dawo, da wata magana ake yi.

Martha ta farfaɗo kaɗan da azahar. Ta yi masa alama ya matso. Ya kai kunne yana jiran abin da ya cancanta. Ta ce atamfar matar sajan tana ƙarƙashin keke, an yanka ba a haɗa ba, ya mayar mata ya ba ta haƙuri. Ta ce kada a ɗauko Luka, ɗansu da ke makarantar kwana, sai ya gama jarrabawa. Ta huta, ta ja iska da kyar, ta ce masa ya ci abinci, ya rame. Game da maganin ba ta ce komai ba, kuma wannan ne bai taɓa yafe mata ba.

Ta cika da la'asar, rediyon wani majinyaci na karanto sunayen ma'aikatan da soja suka kora nan take saboda sakaci da aiki. Filibus ya tsinci kansa yana saurare, kamar mai jiran nasa.

Bayan an dawo daga maƙabartar Kirista, Dodo ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, ya fito da sanda, ya zauna karɓar gaisuwa tare da Filibus kamar gawar gidansa ce. Mutanen coci na gefe, 'yan kasuwar fata na gefe, kowa na ba da haƙuri da irin kalmomin da ya gada. Ana ta cewa kwana ne ya ƙare. Filibus yana amsawa, yana ganin wannan ita ce ƙarya mafi taushi da aka taɓa yi masa.

Da mutane suka ragu, idonsa ya sauka kan ƙafar Dodo. Ta kumbura har gwiwa, ƙyallen ya jiƙe, ƙuda na bin sa. Abu ɗaya ya rage masa da yake riƙe da shi a kwanakin nan, cewa ko ba komai wani ya amfana. Ya tambaya a hankali, ashe maganin bai yi ba?

Dodo ya sunkuyar da kai, ya yi wasa da carbi, kamar yaron da aka kama bai yi aikin gida ba. Ya ce tunda Malam ya tambaya, kuma yau ba ranar ƙarya ba ce, zai faɗa. Shekarun baya a hanyar Makka an taɓa ba shi irin wannan magani, kafin ya ajiye kofin ruwa fuska ta kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, da kyar aka ƙwato shi. Likitan can ya ce masa in ya sake sha, to ya fara yin wasiyya. Dije ba ta san wannan ba, lokacin tana gidan miji.

"Ina buɗe kwano nag gane shi," in ji Dodo. "Amma kyautar maƙwabci ba a maishe ta, Malam. Na ga ka kawo da kanka, kana murna. Nic ce ragowa ta, maiɗakinka ta gama da shi. Mi za ni ce maka?"

Ya ƙara da cewa gobe ɗansa zai kai shi asibiti a duba ƙafar, an ce akwai wani iri da ake ba masu irin jininsa, in jirgi ya sauke.

Filibus ya ce Allah ya sawwaƙe. Dodo ya ce amin, ya dafa sanda ya miƙe don an kira magariba.

Kafson suna cikin wani gwangwanin alewa a kan tagar ɗakin Dodo, a ambulan ɗin asibiti, da sunan Martha a jiki. Ba a taɓa ko ɗaya ba.